Kun Raba Ni da Ciwon Daji, Kun Bar Ni da Ciwon Hanji

Zuwa ga Shugaban Sashen Gashin Ciwon Daji,
na babban asibitin da aka yi mini aiki.

Ranka ya daɗe, Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya dafa muku.

Sunana Rakiya. Malamar firamare ce ni a Keffi, a Angwan Iya nake aure, shekarata arba'in da bakwai, 'ya'yana biyar. Ba lallai ka tuna ni ba. Sau ɗaya muka haɗu, ranar da ka zo zagaye da ɗalibanka, ka duba katina ka ce ana samun ci gaba. Ban kama sunan asibitinku ba, ba kuma zan kama sunan kowa a cikin ma'aikatanku ba, domin ba tozarta mutum nake nema ba. Sau biyu na rubuta maka a rufe na miƙa a ofishinka, ban ji amsa ba. Wannan karon na buɗe ta, kowa ya karanta.

Zan fara da godiya, domin ta wajaba. An gano ina da sankarar bakin mahaifa, aka tura ni wurinku daga Keffi. Mako biyar kuna yi mini gashi, Litinin zuwa Juma'a. Gwaji na ƙarshe da aka yi mini ya nuna babu alamar ciwon. Da ba don Allah ya haɗa ni da ku ba, da yanzu wani zancen ake yi a gidanmu. Wannan zan faɗe shi a gaban kowa. Amma akwai wani abu da ya biyo ni gida daga ɗakin gashin nan, ya cinye mini fiye da shekara, kuma na tabbata da an kula da bai kai haka ba. A kansa nake son mu yi magana.

Na ɗaya: ba a gaya mini ba.

Ranar da zan sa hannu a takardar yarda, likitan da ya gan ni ya lissafa mini abubuwa huɗu. Ya ce zan riƙa gajiya, fatar wurin za ta yi duhu, kada in shafa mai a inda aka yi zanen alamar wurin gashin, kuma al'adata za ta ɗauke. Bai ambaci hanji ba. Ni ina karanta Turanci, na duba takardar, na ga wani layi ɗaya can ƙasa da ke cewa ciki yana iya ɓaci. Wace mace ce za ta ji tsoron ɓacin ciki alhali an ce mata tana da daji? Matan da ke gefena kuwa, waɗanda suka zo daga ƙauyuka, dangwala yatsa kawai suka yi.

Sai maganar ruwa. Kullum da safe nas takan leƙo ta ce mu sha ruwa kofi uku, kada mu yi fitsari sai an gama. Ba ta taɓa faɗin dalili ba. Mu kuwa muna kan benci tun ƙarfe bakwai, wani lokaci sai bayan azahar a kira mutum, ballantana ranar da na'ura ta tsaya. Wa zai riƙe fitsari awa shida? Mukan faki ido mu zaga, mu dawo mu zauna kamar ba mu yi komai ba. Sau da yawa na hau gadon nan mafitsarata babu ko ɗigo, kuma ba wanda ya tambaye ni. Sai daga baya, a bakin wata likita a nan Keffi, na ji cewa cikakkiyar mafitsara tana ture hanji daga inda hasken yake bi. Likita, bayanin nan ba zai ci minti ɗaya ba. Da na san dalili, da na roƙi a faɗa mini lokacin da layi ya kusa zuwa kaina, in sha ruwan a lokacin.

Na biyu: da ciwon ya fara, haƙuri aka ba ni.

A mako na uku zawo ya tsinke mini, da murɗa irin wadda ban taɓa ji ba sai a naƙuda. A rana nakan zaga sau goma, har na daina ƙirgawa. Na gaya wa wanda ke sarrafa na'urar, ya ce, "Haka yake, Mama, kowa haka yake yi. Ki yi haƙuri." Na nemi ganin likita aka ce ranar ganinsa Laraba ce. Laraba ta zo, ya rubuta mini wani magani a tsaye, na je kantin maganin asibiti aka ce babu, ba a kuma faɗa mini inda zan samu ko abin da zai maye gurbinsa ba.

A gidan ƙanwar maigidana na sauka a garinku, gidan haya, banɗaki ɗaya ga ɗakuna bakwai. Ba sai na faɗa maka irin kallon da nake sha ba. 'Yan'uwa kuma, don ƙauna, suka yi ta kawo mini abin da suke ganin zai ƙara mini jini: kwaɗon zogale, wake, nono, miya mai yaji don bakina ya buɗe. Ina ci, ciki yana ƙara rikicewa. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da za ki ci, ga wanda za ki ajiye sai an gama.

A mako na huɗu na faɗi a bakin ƙofar sashenku. Aka yi mini ƙarin ruwa, na rasa gashi na kwana huɗu. A nan ne wani likita ya yi mini faɗa, wai tsallake kwanaki yana ba ciwon damar farfaɗowa. To, idan har tsallake kwana yana da haɗari haka, me ya sa aka bar zawo ya kayar da ni, alhali akwai maganin da ke tsayar da shi da ruwan gishiri da sukari da ko a ƙauye an san shi?

Na uku: bayan sallama, babu mai ni.

An sallame ni, zawon ya lafa, na koma Keffi aka yi ta zuwa barka. Na koma aji. Wata bakwai ina murna. Sai na fara ganin jini in na zaga, da wata irin matsuwa da ba ta jira. In ta zo, minti ɗaya ba ni da shi.

Zan faɗi abin da mace ba ta faɗa, domin idan ban faɗa ba ba za ka gane ba. Wata Talata ina gaban allo ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, abin ya zo mini. Na ajiye alli na fita da sauri. Banɗakin malamai yana can ƙarshen fili. Ban kai ba. Yara suna ta taga suna kallo.

Wadda ta rufa mini asiri ita ce Malama Rahila, abokiyar aikina mai aji uku, 'yar Eggon ce, a Sabon Gari take zaune da mijinta. Shekara sha ɗaya muna koyarwa tare, ita take kawo mini shinkafar Kirsimeti, ni nake aika mata naman Sallah. Ta fito a guje, ta kwance zanin da ta ɗaura a kan siket ɗinta ta ɗaura mini, ta daka wa yaran tsawa suka koma kujerunsu, ta tsayar da keke napep ta kai ni har ɗaki. Ita ta riƙe ajina tare da nata har ƙarshen zangon.

Daga nan na shiga yawon neman magani. Mai kemis ya ce atini ne, ya ba ni ƙwayoyi, babu sauyi. Wata dattijuwa a Tudun Ƙofa ta ce basir ne, ta haɗa mini jiƙo na saiwoyi, na sha kwana uku jinin ya ƙaru. Alwala ta daina zama mini. Na daina zuwa Islamiyya, na daina zuwa biki da gaisuwar mutuwa, har aka fara cewa girman kai ne. Azumi ya zo ban iya yi ba. Maigidana, Malam Shu'aibu, shi yake wanke mini kaya da hannunsa a bayan ɗaki don kada 'ya'yanmu su gani, bai taɓa ɓata fuska ba. Ina faɗin wannan ne don ka san cewa ciwon hanji ba a hanji kaɗai yake tsayawa ba.

Na dawo wurinku ranar da katina ya nuna. Likitan ya duba mahaifa ya ce lafiya lau, ya taya ni murna. Na ce ina zubar da jini ta baya. Ya ce wannan ba nasu ba ne, in je wurin likitocin ciki. Na je, aka ba ni rana wata uku a gaba. Bai ce mini gashin ne ya jawo ba, bai rubuta wa likitocin cikin komai ba. Kafin ranar ta zo, sau biyu aka yi mini ƙarin jini a Keffi.

A ƙarin jini na biyu ne Allah ya haɗa ni da wata matashiyar likita. Tana duba ni ta ga ɗigon zanen da kuka yi mini a mara. Ta ce, "Mama, an taɓa yi miki gashi ne?" Na ce e. Ta jawo kujera ta zauna. Ita ce mutum ta farko da ta yi mini bayani da Hausa, dalla-dalla, cewa hasken da ke ƙona daji yana taɓa hanjin da ke kusa da shi, kuma bayan watanni jijiyoyin wurin sukan yi laushi su riƙa zubar da jini. Ta tura ni aka leƙa hanjin da na'ura don a tabbatar ba dajin ne ya koma can ba. Da sakamako ya fito, ta rubuta mini wani magani, wanda asalinsa na gyambon ciki ne, ta koya mini yadda zan narka shi a ruwa in sa ta dubura safe da yamma. Ta haɗa mini da na tsayar da zawo, da na ƙarin jini, ta kuma rubuta mini abincin da zan rage.

Likita, maganin nan a wani kanti a Sabon Gari muka same shi, tafiyar minti goma a acaɓa daga gidana. Duk watannin da na yi ina zubar da jini yana nan ajiye a kantin. Cikin mako shida jinin ya ragu sosai, har na iya zama a taron malamai daga farko zuwa ƙarshe.

Ban warke sarai ba. An mayar da ni ajin da ya fi kusa da banɗaki, kuma ba na cin komai kafin in shiga mota. Likitar nan ba ta ɓoye mini gaskiya ba. Ta ce babu maganin da ke kare hanji ɗari bisa ɗari, wasu ko an yi musu komai sai sun samu matsala. Ta ce akwai magungunan da ake bayarwa tun kafin gashi ko a lokacinsa don rage ɓarna, wasu suna da tsada, wasu ba kowa suke karɓa ba, wasu kuma har yanzu bincike ake yi a kansu. Ta ja kunnena kada in ba kowa maganina, domin ba kowane jini ne irin nawa ba. Na yarda da duk wannan. Ni ba likita ba ce, ba zan koya maka aikinka ba. Abin da na sani shi ne, maganin nawa ciwon yana da sauƙi tun farko, kuma ba a neme shi ba.

Na huɗu, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro.

Watan jiya Malama Rahila ta je gwaji, aka ce tana da irin ciwon da na yi. Wurinku aka tura ta. Ta naɗe takardar ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki, ta ce ba za ta je ba.

Mijinta, Baba Yohana, makanike ne, mutum mai kunya, bai taɓa shiga gidanmu ba. Ya zo ya yi sallama da maigidana, suka zauna a zaure, ya gaya masa halin da ake ciki yana hawaye. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na je na same ta tana tsince shinkafa. Na ce mata ciwon nan ba ya jira. Ta ɗago ta ce, "Malama, ni na ɗaura miki zani da hannuna. Na ga abin da gashi ya yi miki. Gara in mutu da mutuncina."

Ashe ni ce dalilin da zai hana ta neman rai. Na ce mata, "Rahila, dube ni da kyau. Ga ni zaune a gidanki, na aurar da 'yata, na ga jikana. Gashin ne ya bar ni da rai. Abin da kika gani ba gashin kaɗai ba ne, rashin bayani ne da rashin magani a kan lokaci." Muka yi ta ja har la'asar. Ta ce in ba ta tabbacin ba za a yi mata yadda aka yi mini ba. Na ce wannan tabbacin ba a hannuna yake ba, amma na san wanda yake hannunsa, kuma zan tambaye shi a gaban jama'a. Daga ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin ƙafata ƙafarta.

Ba ita kaɗai ba ce. A ɗakin malamai da gidajen suna, magana ta bazu cewa gashi yana ruɓar da hanji. Na san wata baiwar Allah a Tudun Ƙofa da aka tura wurinku ta ƙi zuwa saboda wannan zancen, ta koma shan jiƙo. An yi jana'izarta kafin damina ta sauka. Duk macen da kuka sallama ba tare da kula da hanjinta ba, tana komawa garinsu ne ta zama abin tsoratar da wasu, ko da ba ta buɗe baki ba.

Na san ba a cikin daɗi kuke aiki ba. Na ga yawan jama'a, na ga na'ura ɗaya tana ɗaukar mutanen jihohi da yawa, na ga nas ɗaya tana aikin mutum uku. Shi ya sa ban roƙi sabuwar na'ura ko sabon gini ba. Ga abin da nake roƙo:

1. Kafin kowa ya sa hannu, a gaya masa da harshen da yake ji cewa gashin ciki da mara yana iya taɓa hanji, a lokacin aikin ko bayan watanni, har shekaru. A faɗi alamomin da sunansu, ba kunya. A kuma faɗi dalilin shan ruwa, a riƙa sanar da mutum in layinsa ya kusa.

2. Maganin zawo da na murɗa da ruwan gishiri da sukari su kasance a cikin sashenku. Wanda cikinsa ya tsinke ranar Alhamis kada a ce ya jira Laraba.

3. Ka zauna da likitocinka da masu harhaɗa magani ku yanke shawara a rubuce: cikin magungunan da ake cewa suna kare hanji, wanne ne ya tabbata, wa ya dace da shi, a ina ake samu. Idan akwai wanda asibiti ba zai iya saya ba, a faɗa wa majiyyaci ya sani. Idan kuma babu wanda ya dace da shi, wannan ma a faɗa masa. Jin gaskiya bai taɓa hana mu zuwa asibiti ba.

4. A samu wanda zai yi wa majiyyaci da mai jinyarsa bayanin abinci, irin abincin da muke ci a gidajenmu.

5. Ranar sallama a ba kowa takarda da zai nuna wa kowane likita a garinsu, mai cewa an yi masa gashi a wuri kaza, idan ya ga jini ko zawo mai naci a tuna da wannan. Kuma in ya dawo ganin likita, a tambaye shi lafiyar cikinsa ko bai faɗa ba, domin da yawanmu kunya ke hana mu. Idan an tura shi wurin likitocin ciki, a haɗa shi da wasiƙa.

Ranka ya daɗe, Litinin ta farko bayan an ba da hutun makaranta za mu zo, ni da Malama Rahila da mijinta. Na karɓi izinin maigidana, zan zauna da ita har a gama. Likitar Keffi ta taimaka mana mun rubuta tambayoyi a takarda, Rahila ta haddace su. Za mu shigo da ladabi, mu bi layi kamar kowa. Amma ba za ta sa hannu ba sai an amsa mata su, kuma idan cikinta ya motsa ba zan karɓi "ki yi haƙuri" a madadinta ba. Zan zo ƙofar ofishinka in zauna har ka fito. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka ɗauka rashin kunya ce. Na yi mata alkawari a gaban mijinta da 'ya'yanta, kuma rabin alkawarin nan a hannunka yake.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannunka da hannun ma'aikatanka, ya saka muku da alheri a kan rayukan da kuka ceta, har da nawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Musulmi da Kirista. Ya sa ranar da za ka sallami Rahila ta koma ajinta ta tsaya gaban allo har a buga ƙararrawa.

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Malama Rakiya,
Angwan Iya, Keffi.